Mutanen Silima Ba Sa Gaisuwa

Shekarar da aka yi wa kakata aikin ido ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, gari kuma ba a zancen komai sai ƙuri'a da tafiyar Nasara. Gashin idonta ne ya juya ciki yana sukarta, har ta kai ba ta gane mutum sai da murya. Babana ya je Droum ya ɗauko ta, aka yi aikin a likita, wato asibiti, aka dawo da ita gidanmu na Birni da ƙyalle ɗaure a fuska.

Maƙwabcinmu Kirista ne, a likitar yake aiki, shi ke zuwa safe da la'asar yana wanke mata idon ya ɗiga magani. Ya ce ba ƙura, ba hayaƙi, ba rana, sai ranar da ya kwance ƙyallen da hannunsa. In ta koma ƙauye kafin nan, aikin ya lalace. Ita kuwa hankalinta na gona, gyaɗarta ta isa cira. Ta ce ran Alhamis, in masu jakunan garinsu sun ci kasuwa, za ta bi su, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Ni aka ce in riƙa zama da ita bayan an tashi lakwal. Ban iya hira ba. Ko mushe, malaminmu, ya tambaye ni abin da na sani, sai na haɗa gumi kafin in amsa. Na zauna bakin tabarmarta da littafina, shiru.

"Maigida, kana nan?" in ji ta. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Ina nan, kaka."

"To Allah ya isa tsakanina da wanda ya aura mini bebe. Ga makanta, ga miji ba baki."

Ran Asabar ɗin da ta wuce maƙwabcin nan ya tafi da ni silima, karo na farko a rayuwata, abin kuma bai bar kaina ba. Na yi ta maza na ce zan ba ta labarin. Ta ce a'a, ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi ɓatan hanya zai yi. Na ce ai wannan ba tatsuniya ba ce, mutane ne na gani da idona a jikin bango, suna tafiya suna magana. Ta ce in dai gani na yi, labari ne, in faɗa.

Labarin wani mai gyaran agogo ne a wani gari na bakin teku. Ƙanensa ya shiga jirgin masunta bai dawo ba, shi kuma ya rufe shago ya bi garuruwa yana cigiya. Na fara daga inda silimar ta fara: mutumin yana tsaye cikin ruwan sama yana buga wata ƙofa.

"Ɗan wa ne?"

"Ba su faɗa ba tukuna."

"Ƙofar wa yake bugawa?"

"Sai gaba za a sani."

"Kai ka yi gyangyaɗi dai, farkon ya wuce ka."

Na rantse ban yi ba. Haka suka tsara shi, sun fara daga tsakiya, sa'an nan suka koma baya suka nuna yaran suna ƙanana. Ta ce wannan ƙeta ce, a sa mutum a daji sa'an nan a ce masa ga hanyar da ya biyo. Amma ba ta ce in daina ba.

Ni mutum ne mai son abu daidai. Duk abin da na gani sai na faɗa, launin hularsa, karen da ya gifta, yadda hoton ya matso kusa da hannunsa a kan marfin agogo. Ita kuma ba ta barin komai ya wuce. Da na ce ya shiga gidan wani tsoho ya tambaye shi jirgin, sai ta ɗaga hannu.

"Bai gaishe shi ba?"

"Bai gaishe shi ba."

"Bai tambayi iyali ba, bai tambayi gajiya ba? Wa ya raine shi? To tun da ya fito, yaushe ya ci abinci?"

A nan na fara lura da abin da ban lura da shi ba a gaban bangon. Ba a nuna cin abinci ba, ba a nuna barci ba, tafiyar kwanaki ma hayaƙin jirgin ƙasa kawai aka nuna, sai ga shi a wani gari. An yanke duk abin da mai kallo zai iya cikewa da kansa, ni kuma na cike ban ma san na yi ba. Na kwana ina juya wannan a raina, da daɗi kamar na tsinci wani abu a hanya.

Na kuma tuna cewa a silimar, duk lokacin da faifai ya ƙare aka tsaya sa wani, mutane kan yi ta ihu, domin a kan gaɓa yake tsayawa. Ran Laraba na kai ta inda mutumin ya ga rigar ƙanensa a jikin wani baƙo, sai na ce mushe ya ba mu aiki, na tashi.

"Dawo nan, ɗan nema! Wa ya ba shi rigar?"

"Sai jibi, kaka. Gobe muna da jarrabawa."

Masu jakuna suka zo ran Alhamis suka gaishe ta. Ta ba su saƙon wanda zai cire mata gyaɗa, ta ce ita sai wani makon.

Sai dai silima gajeren abu ne, ko yaya ka ja shi. Na kai ƙarshe a raina tun maƙwabcinmu yana cewa da sauran lokaci, fatar idon ba ta gama haɗewa ba. A silimar, mutumin ya sami ƙanensa kwance a wani gidan jinya, suka kalli juna, aka kunna fitilu. In na faɗi wannan, Alhamis mai zuwa ta tafi. Saboda haka da ya isa gidan jinyar, sai na ce an shaida masa yaron ya tashi jiya. Daga nan na shiga ƙira da kaina. Ina tsara na gobe a hanyar lakwal, in auna inda zan tsaya, in tabbata ban saɓa wa abin da na faɗa a baya ba.

Kwana kaɗan ana haka, ina cikin ba ta yadda ya sauka gidan wata tsohuwa, sai na ga tana lalube a gefen zanenta. Ta kama bakinsa ta ƙulle tam.

"Me kike ƙullewa, kaka?"

"Hanyarka nake ɗaure maka, kada ka ɓata. Ai tatsuniya kake yi mini da rana tsaka."

Kunya ta rufe ni. Na tambaye ta a hankali yadda aka yi ta sani.

"Mutumin da tun fitowarsa bai ce wa kowa sannu ba, yau shi ne har da durƙuso? Jiya ya sha fura, shekaranjiya ya tsaya jana'iza. Na ce wannan ya bar hannun Nasara, ya shigo hannun mijina." Ta yi dariya har tana dafe ƙyallen. "Ci gaba. Naka ya fi hankali. Amma tsohuwar nan ka ba ta ɗiya, gida ba ya zama haka."

Daga ranar tare muka riƙa yi. Ni ke riƙe da tsari, in tuna mata wanda ya riga ya mutu da wanda bai san sirrin ba tukuna. Ita ke kawo dangi, da gulma, da dalilin da ya sa ƙanen ya gudu tun farko, wanda silimar ba ta taɓa faɗa ba. Mun yi gardama sosai a kan ko za a sanar da mai sauraro inda yaron yake kafin wansa ya sani. Na ce a ɓoye. Ta ce a faɗa, tausayi ya fi mamaki daɗewa a ciki. Na yi shekaru ina karatu kafin in yarda cewa kowannenmu yana da gaskiyarsa. Maƙwabcinmu kansa, in ya gama ɗiga magani, sai ya jingina da bango ya ce, "Inna, ina aka kwana?"

Wata safiya ya kwance ƙyallen a inuwar ɗaki, ya ce ta buɗe a hankali. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta dubi babana, ta dubi hasken ƙofa, sa'an nan ta tsaya a kaina ta daɗe.

"Ashe haka ka yi tsawo," ta ce. "Duk surutun nan daga wannan siririn wuyan yake fitowa?"

Alhamis ɗin da ta biyo ta hau jaki da ƙafarta, tana nuna wa masu kaya inda igiya ta yi sako-sako.