Inna Tela da Maganar da Bakinta Ya Ƙi

Haihuwa

An haifi marigayiya Inna Tela a shekarar 1961 a wani ƙaramin gari, mahaifinta maƙeri ne, mahaifiyarta kuwa mai kitso.

Karatu

Ta shiga firamare a 1967, kuma ita ce kan gaba a lissafi. A 1973, tana aji shida, jinin al'ada ya fara zo mata a kan benci, alhali babu wanda ya taɓa yi mata bayaninsa. Malami ya kira ta gaban allo, ta ƙi tashi, ya yi mata bulala shida a zaune. Ba ta sake komawa makaranta ba, kuma ta shekara biyu tana zaton wata muguwar cuta ce ta kama ta saboda wani zunubi.

Sana'a da aure

Ta koyi ɗinki a wajen goggonta, ta kuma shahara da ɗinka kayan makaranta. A 1980 ta auri wani ma'aikacin gidan waya, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Jarrabawa

A 1994, yayin wanki, ta lura babbar 'yarta ta fara al'ada. Sai ta ɗinka ƙunzugu shida, ta ajiye mata a kan gado ba tare da ta ce uffan ba. Yarinyar ta ɗauka asirinta ne ya tonu, shirun uwar kuma fushi ne. Ta daina cin abinci, ta rame, har aka kai ta asibiti. Bayan nas ta yi wa yarinyar bayani, ta dubi Inna ta ce, "Baiwar Allah, ni na haife ta ko ke?" Inna ba ta ɗaga kai ba har suka iso gida.

Ƙarshen rayuwa

A 2021 ta kira jikarta mai shekara goma, ta rufe ƙofa da niyyar yi mata bayanin al'ada, amma sai ta ɓuge da koya mata sa maɓalli. Da ta fito ta ce wa 'yar autarta, uwar yarinyar, "Auta, bakina ya ƙi. Ke ki gaya mata, kada ya kai gobe."

Rasuwa

Ta rasu a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta da la'asar. Ta bar babbar 'yarta, ɗanta makanike, ɗanta malami, da 'yar auta, sai jikoki tara, biyar daga cikinsu mata. An yi wa uku bayanin al'ada; sauran biyun shekarunsu ba su kai ba tukuna. Allah Ya jiƙanta.