Kwana Biyar ɗin Zalia a Bakin Teku

Duk wanda ya san Zalia a unguwar University Heights ta Bronx ya san ta da farin takalmin roba da jakar goyo, tana sauri zuwa tashar jirgin ƙasa kamar ana korar ta. 'Yar Sabon Zongo ce ta Kumasi. Ta shigo New York a shekarar 2006 bayan rasuwar mijinta, kuma tun daga ranar aikinta ɗaya ne: kula da tsofaffi a gidajensu. Ta yi musu wanka, ta canza musu famfas, ta ɗauke su daga gado zuwa kujera, wani ya gode, wani ya tofa mata yawu. Shekara goma sha bakwai a haka, har bayanta ya fara hana ta ruku'u sosai.

Hutu kuwa, hm! A wurin mutanenmu hutu iri ɗaya ne tak: ka cika akwatuna da tsaraba ka tafi gida, dangi su yagalgala ka, ka dawo a gajiye fiye da yadda ka tafi. Amma a ji wai mace ta biya jirgi ta je wata ƙasa don kawai ta kwanta a kan yashi? Kafin ta sauka labari ya isa Kumasi cewa ta yi kuɗi ta manta da kowa. Wallahi wannan halin namu yana ba ni haushi.

Ita kuma Zalia tana da uwa. Mma ta haura tamanin, ciwon suga ya kwantar da ita shekara biyu a ɗakin Tamimu, ƙanen Zalia. Kullum bayan sallar asuba Zalia takan kira ta, lokacin hantsi ya yi a can, su yi hira ko ta minti biyar ce. Abu guda Zalia take roƙon Allah a kansa: idan ranar Mma ta zo, a ce ta ji muryarta, sun yi sallama. Ta san ba za ta samu jana'iza ba, don ba a ajiye gawar Musulmi ana jiran jirgi.

Afua ce ta sa mata maganar hutu a rai. Abokiyar aikinta ce, Ba'ashantiya, mai son jin daɗi a farashin talaka. Wata rana a bas ta ga Zalia tana dafe da ƙugu, sai ta ce, "Ke 'yar'uwa, mutuwa za ki yi a kan tsofaffin mutane? Je ki Punta Cana, garin shaƙatawar nan na bakin teku, ki huta. Ni zan koya miki yadda ba za ki ji a jikinki ba."

Ta kuwa koya mata. A tafi a watan Satumba, lokacin ruwa da guguwa, Turawa sun gudu, otal ya karya farashi. A tashi ranar Talata, tikiti ya fi sauƙi. Jaka ɗaya ta hannu, kada a biya kuɗin kaya. A kama otal ɗin da abinci yake cikin kuɗin ɗaki, a ci kifi a ƙoshi tunda ba a san wanda ya yanka namansu ba. Daga filin jirgi a hau motar haɗaka, ban da tasi. Masu tallan bakin ruwa a yi musu murmushi a wuce.

"Sai babbar," in ji Afua. "Waya. Kina sauka ki kashe ta. Kira ɗaya daga can zai cinye miki aikin yini guda, kuma otal ɗin nan sayar da intanet suke yi."

Wannan shawarar ta yi wa Zalia daidai ta wani wajen ma. In dai wayar tana kunne, 'yan gida za su kira ta bidiyo, su hango bishiyar kwakwa a bayanta, shi ke nan asiri ya tonu.

Ranar Litinin ta kira Mma ta shirya mata ƙarya. Ta ce an tura ta aikin kwana a gidan wata Baturiya mai tsanani, kwana biyar, ba a yarda a taɓa waya ba.

"Kwana biyar, Zalia?" in ji tsohuwar, muryarta ƙasa-ƙasa. "To, Allah ya ba ki haƙuri. Ki riƙa cin abinci."

Zalia ta ba Tamimu lambar Afua, ta ce in wani abu ya taso a kira Afua, ita ta san inda za ta same ta. Da wannan ta lallashi zuciyarta.

Ba zan ɓoye ba, ta ji daɗi, kuma ta cancanta. An yi ruwa kwana biyu, sauran ukun rana ta fito tas. Ta shiga teku da doguwar riga da ɗankwali, ruwan ya kai mata ƙirji, ta yi ta dariya ita kaɗai kamar yarinya. Wani ya gyara mata gado, wani ya ɗauke farantin da ta ci abinci. Ranar farko har ta miƙe za ta taya matar da ke shara, matar ta zaunar da ita. Sau biyu ta tsaya a teburin karɓar baƙi tana kallon takardar kuɗin intanet, sau biyu tana juyawa. Ta ce ai saura kwana kaɗan.

Ranar Lahadi da azahar jirgi ya sauke ta a New York. Tana kan layin duba fasfo ta kunna waya, sai ga saƙonni suna shigowa ba tsayawa, duk daga gida. Tana fita ta kira Tamimu.

"Yaya, sai haƙuri," ya ce. "Mma ta rasu ranar Juma'a da safe. Mun kai ta bayan an sauko daga masallaci."

Zalia ta zauna a ƙasa, a tsakiyar mutane. Da ta samu bakin magana ta ce, "Tamimu, ban ba ka lambar Afua ba? Me ya hana ka kira?"

"Wallahi na ɗauko wayar, Yaya. Tun Laraba jikin ya rikice, kuma kwana biyun nan da hankalinta, tana magana. Ita ce ta riƙe min hannu. Ta ce kada a kuskura a taso ki, Baturiyar za ta kore ki, kina can kina wahala saboda mu. Bayan ta cika ma sai muka ga gara mu bar ki ki gama aikin, kamar yadda ta so." Sannan ya ƙara da cewa, "Ta ce a gaya miki Allah ya yi miki albarka. Sannu da aiki, Yaya."

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, maganar ta ƙi fitowa. Ta dai ce masa, "Yauwa."

Shekara biyu ke nan yanzu. Zalia tana nan tana aikinta, bayanta ya ƙara lalacewa, ba ta sake ɗaukar hutu ba. Afua ta rantse mata ba wanda zai ji daga bakinta, kuma ta cika alkawari. A Sabon Zongo labarin ya zama abin yi wa yara faɗa: ku dubi Zalia, uwarta na gargara ita tana bakin aiki don ta ciyar da gida. Duk wanda ya zo daga Kumasi sai ya nemo ta a Bronx ya maimaita mata, ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya saka mata da irin abin da ta yi wa mahaifiyarta. Ita kuma dole ta shafa, ta ce amin.