Tattalin Idon Yaya Labbo

Ku da kunka san Yaya Labbo a shekarunai na ƙarshe, kun san shi ido rufe, alhali kuwa shina gani. Na hagu ya mutu tuntuni, ba shi nika zance ba. Na dama nika nufi, wanda likita ya gyara a Gummi. Shi yake runtsewa. In ka gaishe shi, da murya za ya gane ka. In ka ce, "Baba, buɗe ka gan ni mana," sai ya ce, "Na gan ka ran Talata. Ka sake ne?"

Ni Tumba, ni ke bi mishi, nono guda munka sha, kuma tun muna yara ban ga mai tattali irinai ba. Mutumin da ke tsaga tsinken ashana biyu da reza! Inna ta kan ce ko inuwa aka ba Labbo sai ya rage ta gobe.

Shekara goma sha ɗaya yanar ido ta rufe mishi gani. Cikinsu duka, zamanai guda ne: gindin tsamiyar bakin hanya, shi da abokinai Bawa, suna tufka igiyar rama. Shi Bawa tun yana saurayi ya makance. Ran kasuwar Bukkuyum su kan ɗauki igiyoyinsu su tafi, Bawa gaba, Yaya dafe da kafaɗatai. In Yaya ya ce yau shi ne gaba, sai Bawa ya ce, "Koma baya, yaro. Na riga ka shiga duhun nan da shekara arba'in."

Wata rana sunka ji a rediyo wai Turawa sun ƙera wata na'ura da ake dasa wa makaho cikin ido, tana aiki da batir, ya riƙa ganin haske. Bawa ya ce, "Ikon Allah!" Yaya ya ce, "Batir? To wa za ya riƙa saye?"

Ba a yi wata shida ba sai ga labari, likitocin ido sun sauka Gummi, aiki kyauta. Kalmar kyauta ita ta tashe shi. Ɗana Sani ya ɗora su bisa babur su biyu, ni na bi mota. Likita ya haska idon Yaya, ya ce yana ce, za a cire ta a sa mishi ɗan gilashi a ciki. Ya haska na Bawa, ya daɗe shina dubawa, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Jijiyar ta mutu, babu abin da za mu sa ya kama."

Wallahi Yaya Labbo sai ya laluba sandatai ya miƙe.

"Tare munka zo, tare muka komawa."

Likita ya ce, "Baba, zauna mana."

"To a raba gilashin biyu, a sa mishi rabi."

Mu duka munka yi ta lallashi, ya ƙi. Sai Bawa ya ɗaga murya, har masu jiran layi sunka waigo. "Labbo, ashe kai wawa ne ban sani ba? Shekara sha ɗaya kana rataye da kafaɗata kamar burgami, ta gaji! Shiga a sa ma, ka zo ka ja ni, in huta."

Da haka ya shiga.

Washegari anka kwance bandeji. Ina tsaye gabanai. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya zuba min ido, ya ce, "Wacece wagga tsohuwa?"

Na ce, "Ni ce, Yaya. Tumba."

"Innalillahi! Wa ya yi miki haka?"

Har nas sai da ta dafa bango don dariya. Shi ko bai yi ba. Ya juya ga likita ya ce, "Batir ɗin kwana nawa yake yi?" Likita ya ce wanga ba irin na rediyo ba ne, babu batir, sai ya kai shi ƙarshen rayuwa bai dushe ba. Yaya ya yi godiya ƙwarai, har da addu'a. Muna fita ƙofa ya ce min, "Mai tocila ma haka ya faɗa min."

Tun ran nan ya fara rufe idon. Kuma da ya ga farantin sola bisa famfon unguwa, anka ce mishi da rana yake cika, shi ke nan. Kullum da hantsi sai ya fito da tabarma, ya ɗaga fuska sama, ido runtse. In ka yi sallama sai ya ce, "Kauce min daga rana, caji nika yi."

Amma ran kasuwa, to ran nan ido buɗe yake tun daga gida. Shi ne gaba yanzu, Bawa dafe da shi, shina ta ba shi labari. "Ga wata saniyar Fulani ja, ƙahonta ya fi hannunka. Ga mai gyaɗar da ke cika muna mudu, ashe gindin mudun a lotse yake!" Na taɓa jin Bawa ya ce, "Ni fa, yaya nike?" Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka gode Allah da ba ka gani."

Ni kaɗai ya kira gefe wata rana ya ce, "Tumba, ashe igiyar Bawa ta fi tawa kyau. Shekara sha ɗaya ina mishi gori. Kar ki faɗa." To, yau na faɗa.

Shekara huɗu ya yi da idon nan. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, bayan azahar ne, ya sa anka kira Sani da liman da Bawa. Muryar ta yi ƙasa, amma hankali garau.

"Ku shaida. In na cika, kafin a yi min wanka, a cire gilashin nan a kai Gummi a sa wa Bawa. Sabo ne. Ban ci ko rabinai ba."

Ni sai lokacin na gane wa yake rage wa idon nan. Sani ya ce, "Kawu, ai likita ya ce ba ya kama mishi." Liman ya ce ba a taɓa jikin mamaci. Yaya ya fara haki, shina son ya tashi ya yi gardama.

Sai Bawa ya laluba har ya sami hannunai ya riƙe.

"Kwanta, Labbo. Tafi da abinka. Ni na san hanyar gidana. Kai ne za ka inda ba ka taɓa zuwa ba."

Yaya ya buɗe idon, ya zuba wa Bawa, bai sake runtse shi ba har la'asar, sa'ad da ya cika, Sani ya shafe mishi.

Allah ya jiƙan Labbo ɗan Inna, ya yafe mishi, ya haskaka makwancinai. Bawa kuma na nan gindin tsamiya shina tufka shi kaɗai. Wanda duk ya bi ta nan ran kasuwa, ya ba shi kafaɗa.