Ragowar Yadi a Rigar Auta

Gwaggo Tela ba ta taɓa yanka yadi daidai jikin mutum ba. Duk rigar da ta fito daga kekenta, in ka juya ta za ka tarar da ragowar yadi naɗe a cikin ɗinkin. Cewa take jikin mace kamar farashin kasuwa ne, ba ya kwana inda ya yini.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin hanya. Keke na jikin taga, ga benci na masu jira da masu gulma, bango duk ƙusoshi da kayan da masu su suka manta. Tef ɗin awo kullum na wuyanta, lambobinsa sun goge, ita ko a jikinta, dama da ido take awo. Maza biyu ta aura, duk sun riga ta kwanta dama, kuma ba ta haihu ba. 'Yar ƙaninta ta riƙe, wadda kowa ke kira Auta.

Auta na shekara goma sha shida ta ga wani mai gyaran babur ta ce shi take so. Aka yi aure. Kafin mutane su gama yi wa ango tsiya, ga ciki.

Da rigar da Gwaggo ta ɗinka mata ta fara matse ƙugu, ta kawo aka saki. Wannan kowa ya san dalili. Ba a jima ba ta dawo, wai hannun rigar ke cin ta.

"Ke kuma cikin naki har a damtse yake?" in ji Gwaggo.

"Ni ma ban sani ba, Gwaggo. Ko takalmina ya ƙi shiga, silifas ɗinsa nake ja."

"Ɗan kirki, ashe yana ciyar da ke. Da na ɗauka baƙin mai za ki riƙa sha."

Masu benci suka yi dariya. Gwaggo ta farke hannu, ta saki ragowar, tana jin daɗi a ranta. Yarinyar da ta taso kamar tsinken tsintsiya yau ga ta da kumatu. A sana'arta, in jiki ya ƙaru, riga ce ke da laifi, kuma maganin yana naɗe a ciki tun ranar yanka.

Zuwa na gaba wuya ne. Fuskar Auta ta cika har idanu sun ƙanƙance. Ta ce kanta na sarawa, kuma tana ganin wasu ƙananan taurari.

"Taurari da rana tsaka? Ki rage zaman garejin mijinki. Ɗaga hannu."

Auta ta ɗaga hannu. Gwaggo na da allura a baki ta ga yarinyar ta sandare, ta zube tsakanin keke da benci, jikinta na jijjiga, kumfa a baki. Wata ta kawo ruwa, wata ta kawo cokali, wata ta fita kiran mijin. Motar kaya aka tare a hanya, aka matsar da buhuna aka kwantar da ita. Asibitin da ke da likita yana da nisa, hanyar kuma rami ya fi kwalta yawa. Kafin su kai ta sake jijjiga a cinyar Gwaggo.

Nas ɗin da ta karɓe su ta danna ƙafar Auta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Tun yaushe ta kumbura haka?"

Mijin ya kalli Gwaggo. Gwaggo ta juya rigar ta nuna tsofaffin layukan ɗinki: nan ƙugu, nan hannu, nan wuya.

"Hawan jini ne, Mama. Ya fi kama yara masu cikin fari. Da tun a hannun riga kika kawo ta."

Nas ɗin ta faɗi haka ne tana ɗaura wa Auta ruwa, ba ta ko ɗago ba. Aka shiga da Auta tiyata. Ita ta tsira, ɗan bai zo da rai ba. Likita ya ce wa mijin a bar jikinta ya huta, shekarunta ba su kai wannan aikin ba.

Tun daga nan Gwaggo ta samu sabon hali. Yarinya mai ciki ta kawo sakin ƙugu, an yi. Ta kawo hannu ko wuya, sai a rataye rigar a ƙusa har ta je an auna jininta. Wasu suka koma wajen telan bayan kasuwa, wanda ba ya tambaya.

Bayan Auta ta warke ta zo da rigar nan, tana yawo a ciki kamar ta aro.

"A rage mini, Gwaggo."

Gwaggo ta zana da alli, ta hau keke.

"Ki bar ragowar a ciki," in ji Auta, tana kallon ƙasa. "Kin san shi da son yara."

"Na san shi da son babur ma. Ya haifi ɗaya mu gani."

Ta gama ɗinkin, ta juya rigar. Ragowar yadi na nan, ya fi na kullum faɗi. Ta ɗauki almakashi ta bi layin ta yanke shi tas, ta tura ƙyallen ƙarƙashin keke da ƙafa.

"Saka mu gani."