Lallen Umma da Na'urar Yatsu

Shekara biyu Umma tana zama a bakin ƙofar makarantar 'yan mata ta unguwarmu Rusaifa, a nan Makka, inda 'yata take aji uku. Ba ɗaukarta aiki aka yi ba. Idan an tashi bayan azahar, ita take tsare yaran da direbobinsu suka makara, ta san motar gidan kowace yarinya. Da aka kawo sabuwar shugaba, sai ta ce duk mai aikin sa kai ta je a ɗauki zanen yatsunta, abin da muke kira basma, ta kuma kawo takardar shaidar cewa ba a taɓa kama ta da laifi ba.

Na fassara wa Umma sanarwar daga Larabci. Sai da muka kwashe kwanuka ta tayar da maganar.

"Ke, takardar nan hannun wa za ta shiga?"

"Sakatariya, Umma."

"Yayar matar ƙaninki ke nan."

A ranar ta faɗa mini abin da na san rabinsa. Bayan rasuwar Abba, ta yi shekaru tana dafa shinkafa da wake tana sayar wa alhazan ƙasarmu kusa da tashar motocin Kudai. Wata shekara ma'aikatan hukumar gari suka kama ta, suka kwashe tukwanen, aka sa ta dangwala yatsu a ofis. Sai da yamma yayanta ya je ya karɓo ta. Mu an ce mana dubiya ta je. Surukanmu kuwa tsofaffin 'yan Makka ne masu shaguna a Aziziyya, kuma lokacin neman aure an gaya musu da ɗinki ta rene mu. Gaskiya ne, amma ba duka ba ne.

Na ce to ta haƙura da zaman ƙofar.

"In bari su ce me ya hana ta? Kuma wa zai tsaya da yaran? Mai gadin nan ko sunansu bai sani ba."

Saura kwana uku mu je ofishin ɗaukar zanen yatsu, ta kira mai lalle, wata 'yar Chadi da ke bayan layinmu. Aka yi mata baƙi wuluk a yatsu har gaɓar farko, aka bari ya kama, aka sake ɗora wani.

"Umma, ba biki ba salla?"

"Na'ura ai gani take yi. In ta ga baƙi, me za ta karanta?"

Na yi mata bayani cewa zanen fata take bi, ba ruwanta da launi.

"Kin yi boko," in ji ta, "amma ba ki san lalle ba."

A ofishin, ma'aikaciyar ta riƙe hannun Umma ta yaba lallen, har ta tambayi wadda ta yi shi. Sannan ta danna yatsun a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, duka goman suka shiga a karon farko. Aka ce sakamako zai zo ta waya nan da 'yan kwanaki.

Umma ba ta jira ba. Washegari da safe ta saka abaya ta tafi makaranta ita kaɗai, ta shiga ofishin sakatariya, ta faɗa mata komai, har da tukwanen. Da ta dawo na tambaye ta dalili.

"Gara ta ji daga bakina da ta karanta a takarda."

"Me ta ce?"

"Ta ce, Inna, shayinki zai huce."

A kwana na huɗu takardar ta shigo wayata. Layi ɗaya ne: babu wani abu da aka rubuta a kanta. Ko tsohon bayanin ya ɓace ne, ko irin wannan kamu ba ya cikin abin da ake kira laifi, ban sani ba, ban kuma bincika ba. Umma ta sa na karanta mata sau biyu.

"To," ta ce. "Na riga na faɗa."

Na buga takardar na kai makaranta. Sakatariya ta saka ta a fayil, ta ce a gaishe da Inna. Ranar Lahadi Umma ta koma kujerarta a bakin ƙofa. Har yau ba mu san ko matar ta gaya wa ƙanwarta ba. Idan surukan suka zo gaisuwa, Umma takan zuba musu gahawa da kanta, tana duban fuskokinsu.