Kan Bel Ɗin Kakanmu

Ni ɗan Zongon Kete-Karachi ne a ƙasar Gana. Ba zan faɗi sunana ba, don akwai mutanen kirki a gidanmu da ba su yi laifin komai ba. Kafin in lalace mai gyaran esi ne ni, wato na'urar sanyaya ɗaki, ina da hannu, kuma ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Samari, ku ba ni aron kunnenku.

A gidanmu akwai wani kan bel na tagulla, mai kambin sarki a tsakiya da rubutun Jamusanci kewaye da shi. Na kakan Babanmu ne, wanda ya yi sojan Jamus tun yankinmu yana hannunsu. Da aka ci su da yaƙi, a ƙafa ya dawo gida, ba shi da komai sai wannan ƙarfe, gefensa ɗaya a lotse. Ko lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon garin, shi aka fara ɗauka kafin tukwane. Duk jajibirin Sallah Baba zai zauna a kan buzu da toka da lemun tsami, ya goge shi har ka ga fuskarka a ciki. Kuma duk wanda zai yi doguwar tafiya a gidanmu, shi ake ba shi.

Ranar da zan tafi aiki Doha, can ƙasar Larabawa, Baba ya damƙa mini shi ya ce, "Aro na ba ka. Wanda ya fita da shi yana dawowa. Ka dawo da shi, ƙaninka Awudu ma zai fita wata rana."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

A Doha kamfaninmu ya tura ni gyara wani babban gida a unguwar Aziziya. Maigidan yana da ɗaki guda da esinsa ba ya mutuwa, saboda kayan da ke ciki. Da na shiga sai da na ja da baya. Hulunan soja na fata masu tsini a ka, da takubba, da lambobin yabo, duk na sojan sarkin Jamus na da, an jera su cikin gilashi. Can a kusurwa na hango kan bel irin namu sak. Bakina ya kasa shiru, na ce muna da irinsa a gida.

Washegari na kawo masa. Ban yi niyyar sayarwa ba, wallahi, so nake kawai ya san mu ma muna da tarihi. Ya juya shi sau ɗaya ya yi dariya. Ya ce abin da ya haura shekara ɗari ba ya ƙyalli haka, wannan irin tsarabar kasuwa ce da ake yi wa baƙi. "Khalas," in ji shi, wato magana ta ƙare, ya miƙo mini. Na fita zuciyata tana tafasa. Gugar da Baba ya yi shekara da shekaru ita ce ta mai da ni maƙaryaci a idon mutumin.

Ranar Juma'a a Asian Town, unguwarmu ta 'yan ci-rani, na ba abokin ɗakina Isufu labari. Shi aikin zubin ƙarfe yake yi a Sana'iya, unguwar masana'antu. Ya ce, "Kai dai baƙauye ne. Mutanen nan dauɗa suke saye. Kawo shi." Ya jiƙa shi a ruwan tsami da gishiri, ya turara shi da wani magani mai hawa kai, ya binne shi cikin ƙasa mai laima. Da ya tono shi ya yi baƙi da kore kamar tsohuwar tukunya. Na ce a raina ai toka za ta gyara.

Na koma Aziziya na ce ga wani na samo. Maigidan ya ɗauko ɗan madubinsa na ido ɗaya, ya duba bakin haruffan, ya duba ƙugiyar baya, ya ɗora a sikeli. Ya koya mini da bakinsa cewa na asali da inji aka buga shi, shi ya sa haruffansa ke da kaifi, na jabu kuwa zubi ne, za ka ga 'yan ƙuraje a jikinsa. Ya ce wannan na gaske ne. Kuɗin da ya ambata ya fi albashina na wata da watanni. Na ce sai na shawarci Baba.

Ban shawarci kowa ba sai Isufu. Ya ɗauki siffar ƙarfen ya zuba wani, muka goge ƙurajen, muka ba shi irin dauɗar. Na je da biyu a aljihu. Maigidan ya sake duba na gasken, na karɓa zan naɗe masa a ƙyalle, na musanya. Bai gani ba. Na fito ina gaya wa kaina ai ban sayar da amanar Baba ba, tana aljihuna.

To, daga nan fa ido ya buɗe. Ashe masu tara irin kayan nan sun san juna, wannan ya haɗa ni da wancan, daga Aziziya har Nu'aija. Kowa sai in nuna masa na gasken, in ba shi labarin kakanmu da tafiyarsa a ƙafa, wani lokaci har da ƙwalla, sannan in musanya. Muka ƙara da lambobin yabo, muna dafa ƙyallensu a ruwan shayi. Duk sanda ƙarfen Baba ya fara haske saboda yawan taɓawa, sai in sake tsoma shi a ruwan tsamin da hannuna, har haruffan suka fara cinyewa. Na daina sallar asuba a kan lokaci. Baba yana kirana a waya ya ce, "Kana goge shi kuwa?" In ce, "Yana nan yana ƙyalli, Baba."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Biyu daga cikin waɗanda na cuta suka haɗu a majalisa, kowa ya fito da nasa yana alfahari. Suka jera su. Lotsewa iri ɗaya, a gefe ɗaya, labarin kaka ɗaya. Isufu ya riga ya ji ƙishin-ƙishin ya bar ƙasar. Ni kuwa ina kan tsani ina kwance esi 'yan sanda suka ce in sauko. Suka kwashe duk abin da ke ɗakina cikin buhu, har da na Baba.

Aka kira wani Bature masanin kayan ya duba. Ya zube su a tebur, ya nuna ƙurajen zubi, ya ce dauɗar duka ta kwalba ɗaya ce. Da ya zo kan namu ya ɗan tsaya. Sai ya ce ruwan tsami ya cinye fuskarsa har ba zai iya sa hannu a kan cewa na asali ne ba, ya tura shi cikin sauran.

Na durƙusa a gaban ɗan sandan. Na ce ku ɗaure ni yadda kuke so, amma wancan ɗaya na kakana ne, na rantse da Allah, ku aika wa mahaifina. Ya dube ni ba ko fushi ya ce, "Haka ka faɗa a kan kowannensu." Na yi kuka kamar yaro, na kama ƙafar teburin sai da aka janye ni. Kotu ta ce a ɗaure ni, a lalata kayan jabun, in na gama a mai da ni ƙasarmu.

Zaman kurkuku ba zan iya kwatanta muku shi ba. Abinci bai dame ni ba, zafi bai dame ni ba. Abu ɗaya nake juyawa dare da rana: me zan sa a tafin hannun Baba? Na roƙi duk wanda ya zo wucewa da kaki, na roƙi mai fassara, har suka gaji da ni. Daga ƙarshe wani ya ce mini in daina wahalar da kaina, an riga an narka su.

Kuna tsammani na yi hankali? Ina! Da aka sauke ni a Gana ban wuce gida ba, sai da na tsaya Kumasi na sa aka zuba mini wani daga hoton da ke kaina. Ba ni da kuɗin tagulla, aka yi da farin ƙarfen nan na gorar ruwa aka shafa masa ruwan zinariya. Na ji labarin idon Baba ya tafi, na ce ba zai gane ba. Ku dubi inda son zuciya ya kai ni, makahon ubana zan yi wa musanya.

Na isa ana saura kwana kaɗan Sallah. Baba ya rungume ni yana shafa fuskata, bai yi mini maganar kurkuku ba ko sau ɗaya. Ran jajibiri ya ce a kawo toka da lemun tsami. Na miƙa masa, Awudu yana zaune a gefe, shi ma takardunsa na fita sun kusa. Baba ya fara gogewa. Ruwan zinariyar ya soma fita yana bin yatsunsa, farin ƙarfe ya bayyana. Awudu ya gani, ya sunkuyar da kai. Baba ya tsaya, ya auna abin a tafinsa, ya kai yatsunsa hanci.

Ya ce, "Wannan ba ya warin tagulla."

Na faɗi a gabansa na gaya masa komai, tun daga Aziziya. Ya saurara har na gama. Sai ya laluba hannuna ya sa mini ƙarfen ya ce, "Da ka shigo hannu wofi, da na ce ɗana ya dawo. Karɓi kayanka."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa. Yanzu firji da fanka nake gyarawa a bakin kasuwa, in abu ya mutu in ce wa mai shi ya mutu. Baba ya yafe mini, da bakinsa ya faɗa. Amma Awudu ya tafi ba a ba shi komai ba, shi ne na farko a gidanmu.

Samari, ban fara da sata ba. Na fara ne da shafa wa gaskiyata dauɗa don wani mai kuɗi ya yarda da ni. In kun faɗi gaskiya aka yi muku dariya, ku mai da abinku aljihu ku tafi. Kada ku saba da rantsuwa a kan ƙarya, don ranar da za ku rantse a kan gaskiya tana nan zuwa, kuma babu mai saurarenku.

Har yau duk jajibirin Sallah Baba yakan ɗaga murya ya ce, "A kawo mini toka da lemu." Sai ya tuna. Can sai ya ce, "A bar shi."