Hoton Giwan Ruwan Arzika

Tun ranar da aka datse kogin Kwara tafkin Kainji ya cika, ba a taɓa fitar da kifin da ya kai wanda Arzika ya kama ba. Wannan magana ba ta da ja, domin Arzika da kansa ya faɗe ta, kuma yana maimaita ta a gaban shaidu kusan kowace safiya a teburin mai shayi na tashar jirgin Yelwa.

An haife shi a wani gungu, wato tsibiri, ta wajen Ngaski, ya iya tuƙa kwale-kwale kafin ya iya ɗaure wando. Ya tashi a kan taru da mamari kamar ubansa. Ba ya cikin gwanaye, ba ya cikin ragwaye. Irin masuncin nan ne da ba ya rasa na miya, jefi-jefi har da na sayarwa. Ya auri Asabe, mutuniyar Shanga, mace mai ƙarancin magana, abin da ya zo daidai, don gidan ba zai ɗauki masu magana biyu ba. Da haka rayuwarsa za ta wuce shiru, ba don wata rana da hantsi giwan ruwa ya faɗa tarunsa ba.

Ranar an yi sa'a ƙanin Asabe, Philip, ya zo hutu da sabuwar waya mai ɗaukar hoto. Shi ya ɗauki hoton kifin kwance a kan yashi. Arzika ba ya cikin hoton. Ya ce lokacin yana gefe yana mayar da numfashi. Abin da ke ciki kifi ne, da yashi, da wani abu mai siffar ganga tsaye kusa da kan kifin. Kifin dai aka ci shi aka manta. Hoton ne ya yi tsawon rai.

Ya kuma sha yawo. Daga wayar Philip ya shiga ta mai shayi, daga nan ta direbobin jirgi, ya je Wara, ya leƙa Kontagora, ya dawo. Wayar Arzika ta faɗa ruwa, ya karɓo hoton a wurin wani. Ta sake mutuwa, wani ya haska fuskar wayarsa da wata wayar ya ba shi. Duk tafiya sai hoton ya ƙara dushewa, kuma ikon Allah, gwargwadon dushewar hoton gwargwadon girman kifin. A shekarun farko mutum biyu ne suka ɗauke shi. Da idon kifin ya ɓace, sai suka zama huɗu. Da wutsiyar ta narke cikin yashi, sai da aka nemo amalanke. Abin nan mai siffar ganga kuwa, Arzika ya bayyana cewa duro ne na man inji, kuma mai ido ya ga kifin ya ninka shi tsawo ba sau ɗaya ba. A yi masa adalci, ba ƙarya yake shirgawa ba. Ya faɗa ne har ya koma yana tuna abin a haka. Aka sa masa Mai Giwa, sunan ya bi shi har masallaci.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sallamawa ba, wato Jacob, mai tuƙa jirgin fasinja, abokin wasansa tun suna ƙanana.

"Mai Giwa, nuna muna hadarin nan naka," in ji shi, yana juya shayi. "Ni dai gajimare nike gani. Ko ruwa za a yi?"

"Idonka ne ya tsufa, ɗan baƙin ciki."

"Ya tsufa kam. Bara da na duba, kifin bai kai haka ba. Mi kake ba shi?"

Bana ƙungiyar masunta ta yanke shawarar buga kalanda, aka ce hoton Mai Giwa ne zai hau sama. Jacob ya ce ya amince, da sharaɗi guda: a ga kifi. Mai bugawa ma ya aiko cewa abin da aka tura masa ya yi ƙanƙanta, ba zai bugu ba. Arzika ya san in kalanda ta fito babu kifinsa, sunan ya mutu ke nan, Jacob ne kuma zai ja sallar.

Sai ya nufi shagon Zipora a bakin kasuwa. Zipora tana da kwamfuta da injin bugawa da janareta mai tari, kuma rabin aikinta juya hotuna ne daga wani nau'i zuwa wani, saboda ɗalibai da masu neman aiki waɗanda aka ce nasu ya yi nauyi ko ba irinsa ake so ba.

"Ɗiyata, an ce kina canza wa hoto iri. Mayar mini da wanga irin da ya fi kowane."

Ta duba, ta matso da fuska, ta ja baya. Da yake mahaifiyarta mai bandar kifi ce, ta san ta inda za ta ɓullo masa.

"Baba, wannan naka JPG ne. Shi kamar banda yake. Ba nauyi, yana zuwa nesa, kowa na karɓa. Amma duk lokacin da aka sake matse shi, an sake ɗora shi kan wuta ke nan. Naka ya sha wuta har ya gaji. Akwai PNG, shi ɗanye ne, yadda ka ajiye haka za ka tarar, sai dai nauyi, yana cika waya. PDF kuma kwali ne kawai. Abin da ka zuba shi za a buɗe a gani."

"To mayar da shi ɗanyen."

"Baba, ka taɓa ganin banda ta koma ruwa tana iyo?"

Arzika ya ce a tafkin nan ya ga abin da ya fi haka, amma ya fahimta. Ta ce dabara ɗaya ce, a nemo hoton farko, wanda bai sha wuta ba sai sau guda. Nan take ya kira Philip, wanda yanzu yake koyarwa a Birnin Kebbi, mutumin da bai taɓa yar da ko murfin biro ba. Philip ya ce tsohon memorin wayar yana nan a akwati, zai duba ya tura wa Zipora yadda yake, ba matsewa.

Ranar da saƙo ya iso, Arzika ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya so ya taho da Jacob don ya kunyata shi a gaban kwamfuta, amma ya tarar jirginsa ya ƙetare. Zipora ta danna, hoto ya buɗe tar. Ga ɓawon kifi ɗaya bayan ɗaya, ga ido yana ƙyalli, ga yashi kamar ka ɗiba. Kifi ne mai kyau, ba laifi, irin wanda mace za ta riƙe da hannu ɗaya tana cinikin albasa da ɗayan. Kusa da kansa kuma ga gwangwanin da Arzika yake kwashe ruwan kwale-kwale da shi, har da zanen tumatir a jikinsa.

Janareta ya yi tari. Zipora ta tsunduma cikin gyaran wata takarda da ba ta buƙatar gyara.

"Ɗiyata, wanga bai yi kama da shi ba."

"Shi ne na asali, Baba."

"Ni na kama shi ko ke?"

Ta amsa cewa shi ya kama. Sai ya yi mata bayani, cikin haƙuri irin na manya, cewa wayoyin wancan zamani suna ƙanƙantar da abu, kuma hoto in ya cika fitowa sarai akwai abin da yake ɓoyewa. Ya umarce ta ta ɗauki tsohon, wanda jama'a suka sani suka shaida, ta yi masa duk abin da ake yi. Ta buɗa shi, ta mayar da shi PNG, ta zuba shi a PDF, ya fito da girman da mai bugawa ba zai sake cewa ya yi ƙanƙanta ba. Ko ɗigo bai ƙara fitowa ba. Gajimaren ne dai, amma yanzu ya cika bango.

Na Philip kuwa ya sa ta goge shi a gabansa. Da ta gaya masa kwamfuta tana da kwandon shara, ya sa ta zubar da wannan ma.

"Ki riƙe amana, ɗiyata."

"Ni ban ga komai ba, Baba. Kwamfuta ce ta gani, ita ma ta manta."

Ya fito da sauƙin zuciya, ya gangara tasha yana tsara jawabi. Zai ce an bincika har Birnin Kebbi, masana sun tabbatar babu hoton da ya fi wannan. A hanya ya kuma tuna, karo na farko, cewa tayar amalanken ta fashe a ranar. Ya zauna a teburin mai shayi, ya ce a ƙara madara, ya gyara riga yana jiran jirgin Jacob, wanda ya hango yana tahowa da gudun da bai saba yi ba.

Philip mutum ne mai son zumunci. Da ya samo hoton, ba Zipora kaɗai ya tura wa ba, ya saka shi a guruf ɗin masunta tun da sassafe. Wayar Arzika ba ta da data tun shekaranjiya. Ta Jacob tana da.